Ɓeran Masar a Cinyar Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a Karaye a wancan zamani ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta kama sunana. Ba ta zaunar da ni kusa da ita, ba ta yi mini kitso, in na yi abin dariya a tsakar gida sai ta kau da kai. Kunyar ɗan fari ke nan, mata har yabonta suke yi, wai ta san kara. In tana son na zo sai ta ce wa ƙanwata, "Kira waccan." Kitsona da wankana da kukana duk a ɗakin Kaka suke, mahaifiyar Baba. Na ɗauka na saba, har ranar da ɓeran Masar ya shigo gidanmu. Ina da shekara tara a lokacin.

Kawu ne ya kawo su, ƙanen Inna, wanda yake aikin malamin gona a Rogo. Guda biyu ya zo da su a kwando, ɗaure a bayan keke. Wasu 'yan dunƙulallun halittu ne marasa wutsiya, sun fi ɓera girma, ba su kai zomo ba. Bayan kwana huɗu macen ta mutu. Namijin, mai fari da ja, ya shige bayan randa ya daina ci. Kafin mako biyu ya zube, gashinsa ya yi buzu-buzu, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa da yatsa, idanunsa sai kwantsa. Baba ya leƙa shi sau ɗaya ya ce a bar wa Allah, ya saɓi fartanyarsa ya fita.

Inna kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Da sassafe, tun kafin ta ɗora mana koko, sai ta dama wani kunu mai ruwa-ruwa, ba tsami ba yaji, ta fifita shi har ya huce. Ta shimfiɗa tsumma a cinyarta ta kwantar da shi, ta tsoma auduga a kunun tana ɗiga masa ta gefen baki. Ya furzar, ta goge da bakin zanenta, ta sake. Da hantsi ta daka ganyen yaɗiya da dusa ta mulmula masa 'yan ƙanana. Ta yanka mangwaro siriri-siriri ta riƙe masa a hanci har sai ya lasa. Duk Juma'a takan tsinko zare daga mazarinta ta zagaya cikinsa ta ƙulla, don ta ga ko ya ƙaru a kan na makon jiya.

Duk wannan da na iya haɗiye shi. Maganar da take yi masa ce ta tsaya mini a wuya. "Haba ɗan lele, ƙara ɗaya mana. Yauwa. Kai dai ka ci, ka ji?" Wata murya ce mai laushi da ban taɓa sanin tana da ita ba. Ina tsaye da tsintsiya a hannu, ina sharar wuri ɗaya har ƙasa ta fara ramewa. Kishi na yi, ba ni da wani sunan da zan ba shi. Kishin abin da bai fi tafin hannuna ba, wanda ko godiya bai iya ba, sai dai ya yi mata kashi a zane ta yi dariya.

Sai na ce to, tunda ciwo ne kuɗin shiga, ni ma na iya. Na kwanta a tabarma daidai ƙofar ɗakinta, na ƙi tuwon rana, ina nishi da ƙarfi don kada a ce ba a ji ba. Inna ta wuce ni sau biyu. A na uku ta ɗan tsaya, ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa Kaka waccan ba ta ci abinci ba." Kaka ta zo ta dafa goshina ta kwashe da dariya.

"Uwar rigima, jikinki ya fi randa sanyi. Ke ma da auduga kike so a ɗura miki? Sai ki bari gashi ya fito miki a gadon baya tukuna."

Ta jiƙa mini maɗaci ta tsare ni sai da na shanye. Ban sake yin ciwo ba a wannan shekarar.

Abin haushin, ni ce mai yankan ciyawarsa. Inna ba ta fita, ƙanwata ta yi ƙanƙanta, don haka kullum bayan la'asar sai na ɗauki lauje na nufi gonakin hanyar Tudun Kaya. Farkon damina ne, ciyawa ta fara tohowa. Shi kuma ya fara farfaɗowa, yana ɗan jan ganye da kansa, ƙullin zaren Juma'a ya matsa har Inna ta nuna wa Kaka tana murmushi. Wannan murmushin na tafi da shi gona a ƙirjina rannan.

A gefen wata gona na ga gyauron dawa, wato dawar da ta tsiro da kanta daga ƙwayar da ta zube bara. Ba yaron da bai san shi ba a garinmu. In yana ƙarami dabba ta ci, cikinta ya kumbura, kafin a nemo wuƙa ta tafi. Da idona na taɓa ganin tunkiyar maƙwabcinmu a kwance ƙafafu a sama. Ba zan ce ban sani ba. Na yanki cikin hannu guda na cusa a tsakiyar damin, na ɗaure, na ɗora a kai.

Abin da na manta shi ne Inna ba ta taɓa zuba masa ciyawa haka kawai. Takan baje ta a faifai ta tsince ɗaya bayan ɗaya, ta cire ƙaya, ta karkaɗe ƙasa. Ina tsaye jikin rumbu na ga hannunta ya tsaya. Ta ɗago gyauron ta juya shi. Da tsinke ɗaya ne ko biyu da sai a ce kuskure, amma ga shi cikin hannu guda, an yanke shi daidai, an ɓoye a tsakiya. Ta ɗago kai ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta yi. Sannan ta tashi ta cusa shi a murhu.

Na jira duka, bai zo ba. Baba ya dawo daga masallaci na ce yanzu za a gaya masa, ba a gaya masa ba. Da an zane ni da na fi samun sauƙi.

Washegari ta ba shi kununsa kamar kullum, sai dai ba ta yi masa magana ba. Ta shimfiɗa tsumma a kwandon da ya zo a ciki, ta sa shi, ta ƙulla dusa a wani ƙyalle, ta haɗa da zaren awonsa. Sai ta ce, "Ke." Na waiga ina neman ƙanwata, ashe da ni take.

"Kai wa gwaggonki a Unguwar Hajji. Ki ce ɗanyen ganye safe da yamma, a tsince masa. Kada a bar shi a rana." Ta shiga gyara bakin kwandon da ba abin da ya same shi. "In ta tambayi dalili, ki ce na ce ba zan bari 'yata ta ɗauki alhakin rai a kansa ba."

Ta juya ta koma wajen turmi. Idanunta sun yi ja, kuma babu wuta a murhu a lokacin balle a ce hayaƙi ne.

Na ɗauki kwandon na fita. Ya yi nauyi fiye da ranar da aka kawo shi, yana ta motsi yana 'yan kukansa, yana turo hanci ta ramukan saƙar. Wata guda da rabi Inna ta yi tana ɗiga masa rai da auduga, sai da ya fara tashi na raba su. Na samu abin da nake so, amma tun daga ƙofar gida nake kuka, ina maimaita maganarta a hanya don kada ko kalma ɗaya ta zube.

Gwaggo, ƙanwar Baba, tana tankaɗe na yi sallama. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi zancen ganye da na rana. Ta buɗe kwandon ta riƙe baki.

"Ikon Allah! Wannan ba shi ne ɗan gatan innarku ba? Ita da aka ce ko barci ba ta yi saboda shi? Me ya yi mata?"

Sau ɗaya Inna ta taɓa kirana 'yarta, ban ga dalilin da zan raba wannan maganar da kowa ba. Na share hanci da bayan hannu na ce, "Ta ce ya warke, ki riƙe."