Sandata da Ruwan Kaoje

Ko sauran haƙoran nan huɗu za su zube, ba zan manta ranar da na fara yin bidiyo ba.

Muna da zauren WhatsApp na manoman shinkafar Kaoje. Akwai malaman makaranta a ciki, har da malamin gona, kullum Turanci suke zubawa. Ni kuwa a aji biyu aka kore ni, don na sa wa malami kwaɗo a aljihu. Shekara biyu ina zauren, ban taɓa cewa komai ba sai "amin".

Amma ina da sanda. Kowace damina nakan kafa ta a bakin kogi, da tsaga-tsaga a jikinta, yadda mahaifina ya koya mini. Waccan shekarar ruwa ya cinye tsaga uku cikin kwana biyu, ya yi ja wur, yana janyo ciyawa daga wajen ƙasar Benin. Na san ambaliya na tafe, ga shinkafa ta nuna, mutane suna ta jan ƙafa.

Na gaya wa matata. Ta ce, "To ka shaida musu mana."

Na ce, "Da wanga baki? Dariya za su yi."

Ta ce, "Malam, shekara talatin kana ba mutane dariya a banza. Yau da za ta yi amfani kake jin kunya?"

Ta ƙwace wayar, ta tasa ni gaba har kogi. Na shiga ruwa, na nuna sandar, na yi bayani da Hausarmu ta gida, ita kuwa tana ɗaukar bidiyo. Ina cikin cewa "ku yanke kafin Juma'a", santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin taɓo, hulata ta bi ruwa. Daga zaunen na ƙarasa zancen.

Na ce ta goge. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Goge da hannunka, shinkafar mutane ce." Na daɗe ina kallon kaina cikin taɓo. Sannan na yi bismilla na tura.

An yi dariya har Kende da Geza, har tsallaken iyaka. Amma duk wanda ya tura don faɗuwata, gargaɗin ya tafi tare. Malamin gona ya zo ya ga sandar da idonsa, aka fita da lauje. Ran Asabar ruwa ya shafe fadama, ya tarar mun kwashe.

Tun ranar na gane: in abin da ka sani gaskiya ne, faɗe shi da bakin da Allah ya ba ka. Taɓon ya fita da wanki ɗaya, shinkafar kuwa mun ci har wata damina.