Zoben Roba a Carbin Isha'aku

Shekara shida ke nan, amma har yau idan aka ambaci Isha'aku a majalisar shayi ta unguwar Sharafiyya a Jidda sai wani ya ce, "Wane? Mai Kaɗe?"

Abin ya faru ne a watansa na biyu a wurin harbin farantan yumɓu da ke arewacin Abhur, inda masu hali ke zuwa su harbe faranti a sama, ba nama ba miya. Aikinsa goge bindigogi. Shi kuwa ɗan maƙerin bindigar mafarauta ne daga ƙasar Katsina, ya tashi yana ganin babansa na shafe ƙarfe da man kaɗanya saboda tsatsa. Da ya ga yadda iskar tekun Jidda ke cin ƙarfe, sai ya yakice wanda matarsa Zaituna ke shafawa a ƙafa, ya dulmuya bindigar kafilinsa, wato maigidan da ya tsaya masa a ƙasar, Abdulghani, ciki da waje. A rana man ya narke, tana ta ƙyalli. Da aka mayar da ita ɗakin ajiya mai sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai ya daskare. Washegari, a gaban baƙi, bindigar ta harba ɗaya ta yi gum, tana ƙamshin ɗakin mai jego.

Ba a kore shi ba. Amma tun daga ranar Abdulghani bai ƙara bari ya buɗe waccan bindigar ba. Da kansa yake kwance ta ya goge.

Isha'aku ya haɗiye kunyar, ya koma ya koyi irin wannan bindigar da ke ɗura wa kanta harsashi kamar yadda ake koyon halin maƙwabci. Ya gane cewa hayaƙin harsashin farko ne ke bi ta wasu ƙananan ramuka a cikin bututu, ya tura ƙarfen baya, ya tofar da kwanso, ya jawo na biyu. In ta ƙi, dalilan ba su da yawa: ko harsashin ba shi da ƙarfi, ko ramukan sun toshe da baƙin albarushi, ko mai ya haɗu da yashi ya zama kunu, ko kuma ɗan zoben roban da ke tare hayaƙin ya tsage. Zoben nan ba shi da wuyar ɓata, saboda haka ya zura guda uku a igiyar carbinsa, kusa da liman. An rushe ɗakinsu na unguwar Karantina, tukwane ma sun salwanta a wajen ƙaura, amma zobban suna nan.

Ranar da nake son ba ku labari Asabar ce, saura kwana tara iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta ƙare. Sau biyu yana tuna wa Abdulghani, sau biyu ana ce masa sai gobe: "Bukra, in sha Allah." Ya kuma ji a bakin direba cewa maigidan na tunanin ɗauko wani ƙwararre daga waje. Idan ba a sabunta takardar nan ba, shi da Zaituna sai jirgi.

A ranar ce Ruba, 'yar Abdulghani, ta shiga gasarta ta farko, da bindigar mahaifinta. 'Yan uwa sun cika rumfa, har da surukan yayarta. Aka saki faranti biyu. Ta fasa na farko. Ta ja kunama a kan na biyu, shiru. Kwanson ya maƙale a bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje.

Aka zare, aka sake. Haka dai.

Alƙalin gasar ya ɗaga yatsa. In ta ƙara sau ɗaya, an fitar da yarinyar. Ya ba su minti biyar.

Abdulghani bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsoratarwa. Ya waiwayo a hankali wajen Isha'aku, ya kira shi da sunansa na Larabci. "Ya Is'haƙ. Ka taɓa ta?"

"Wallahi ban taɓa ba, ya Ammi, ranka ya daɗe."

Wani a rumfa ya faɗi wata magana da Larabci a kan man shafawa, aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Labarin kaɗanya har nan ya zo.

"Ammu Is'haƙ, don Allah," in ji Ruba, wato baffa take ce masa. Ta miƙo masa bindigar. Uban ya buɗe baki zai hana, sai ya dubi agogo. "Yalla, yi maza."

Isha'aku ya tabbatar babu komai a cikinta, ya durƙusa a kan tabarmar roba. Ya fara da kwalin harsashi: irin wanda take harbawa kullum ne, ba shi ne ba. Ya ja ƙarfen baya da hannu, ya tafi sumul, babu yashi. Gumi na shiga masa ido. Ya kwance murfin gaba, ya zare bututu, ya ɗaga shi wajen rana. Ramukan tas, haske na ratsa su. Minti biyu sun tafi.

Sai ya kai yatsa inda zoben roba ke zama. Babu. Ba tsagewa ya yi ba, babu shi ne ɗungum. Wanda ya goge bindigar jiya ya cire shi ya manta bai mayar ba. Kuma mutum ɗaya ne a duk Jidda yake goge bindigar nan.

Ya ɗaga kai. Abdulghani na tsaye a kansa, shi ma idonsa na kan gurbin. Ya gani. Isha'aku ya ga hannun maigidan ya tafi aljihun jallabiya a hankali, ya taɓa wani abu, ya tsaya cak.

"Me ya same ta?" wani dattijo daga cikin surukai ya tambaya da ƙarfi.

Gaskiyar tana bakin Isha'aku, kuma shekara shida yana jiran irin wannan rana. In ya faɗa, sunansa ya wanku a gaban kowa, sai dai mutumin da zai sa hannu a iƙamarsa ya tozarta a gaban surukansa. In ya ɗauki laifin, ya ba da hujjar a kore shi da bakinsa.

Ya ciro carbi, ya sa haƙori ya tsinke igiyar. Ƙwayoyin suka watse a siminti. Ya zare zobe ɗaya ya zura, tafin hannunsa na kare wurin, sannan ya ɗauki tsumma ya yi ta gugar ƙarfen da ba shi da ko ɗigon datti.

"Mai ne ya yi yawa," ya ce, bai dubi kowa ba. "Laifina ne."

Rumfa ta kwashe da dariya. Abdulghani bai yi ba.

Ruba ta koma layi. Faranti biyu suka tashi. Ƙara, kwanso ya yi tsalle gefe, ƙara ta biyu. Isha'aku bai ma ga ko ta samu ba, yana tsugune yana tsintar ƙwayoyin carbi. Ta huɗu ta zo a ranar, ta yi murna kamar ta ci kofi.

Da yamma, an watse, Abdulghani ya shigo ɗakin ajiya. Ya ajiye bindigar a kan teburin Isha'aku, ya ciro ɗan zoben roba daga aljihu ya ɗora a gefenta.

"Daga yau kai za ka riƙa goge ta," ya ce. "Gobe ka kawo fasfonka a sabunta iƙamar. Halas, magana ta ƙare."

Labarin ya riga shi isa Sharafiyya, amma rabinsa kawai, wato Mai Kaɗe ya sake. Abdelkader, mutumin Damagaram mai shayi, yana hango shi ya fara tafi. "Malam Isha'aku! An ce ka ƙara yi wa bindiga wankan jego. Kai ba ka tuba?"

Isha'aku ya zauna, ya karɓi kofinsa, ya hura.

"Ka bar man nan, Abdelkader," ya ce. "Da na shafa shi, saura kaɗan ya kore ni. Yau da ban shafa ba, shi ya zaunar da ni."