Rabon Jan-baki

Jiya a teburin mai shayi a Talata Mafara na ji rediyo na cewa wata babbar ƙasa za ta ƙara sojoji a ƙasar da ta mamaye. Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni, don marigayi kakana na tuna.

Tsohon soja ne, kullum yana ƙamshin man zafi. In ya ji irin wannan labari sai ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Su yi ta ƙari! Masu gari ba su zuwa ko'ina."

Shekarar da tsuntsaye jan-baki suka sauko wa shinkafarmu a Bakura, na ce mu ɗebo mutane daga Damri su taya mu kora.

"Kwamanda," in ji shi, "wa za ya ciyar da rundunar taka? Tsuntsayen ga, nan munka iske su. Mu munka mamaye musu fadama."

Ya janye mu daga bakin rafi, inda shinkafar ba ta yi kyau ba, ya ce an bar wa masu gari. Sauran muka tsare da igiya da gwangwanaye, yana zaune gindin mangwaro yana ba da oda, bakinsa jawur da goro. Suka cinye rabonsu tas, suka ɗan taɓa namu, amma mun kai shinkafa gida. Ranar yankan shinkafar har sara musu ya yi irin ta soja.

Bana ma na bar musu bakin rafi. Allah Ya kai ladan kowace ƙwaya kabarinsa, Ya saukar da shi inda ba a gadi.