Kan Bafulatanin da Na Buɗe a Kwamfuta

Shekarar da aka kawo kwamfuta ɗakinmu na ɗaukar hoto a asibitin Nguru, ni aka damƙa wa ita, don kawai na taɓa koyon buga wasiƙa. A lokacin duk wanda ya bugu a ka, Kano ake tura shi a yi masa hoton ƙwaƙwalwa, ya dawo da faifai a ambulan. Likitanmu ya saka manhajar buɗe irin wannan faifai, ya nuna mini sau ɗaya a tsaitsaye, ya yi tafiyarsa ta mako guda.

Faifan farko da ya faɗo hannuna na wani dattijon Bafulatani ne daga wajen Jakusko, abokin mahaifina. Ya faɗo daga bayan a-kori-kura a hanyar Gashua. Likitocin Kano sun riga sun ce kan lafiya lau, takardar ma tana aljihunsa. Shi dai so yake ya ga abinsa da idonsa. Ni kuwa Babarbare ne, kuma tsakaninmu da Fulani sai tsokana.

Aka tayar da janareto, na zura faifan, na yi ta danne-danne. Can sai ga wani farin zobe kamar bakin ƙwarya, cikinsa wayam. Ashe na faɗa wajen da ke nuna ƙashi kaɗai, ban kuma san hanyar komawa ba. Sai na gyara zama, na yi gyaran murya.

"Baffa, ga kanka nan. Ƙoƙon dai mai kyau ne. Amma ba kowa a ciki."

Ya matso har hularsa ta taɓa gilashin. "Kai bawana, duba da kyau."

"Na duba. Dama an daɗe ana faɗa, yau dai inji ya tabbatar."

Na zaci zai ɗaga mini sanda. Sai ya shafa gemu, ya ce in buga masa a takarda. Na buga.

Ranar kasuwar Gashua labari ya iso mini. Wai duk wanda ya tare shi da wata magana, takardar yake zarowa. Matarsa ta ce ya manta kanwar da ta aike shi, ya nuna mata. Masu gona suka zo ƙarar shanunsa sun shiga shinkafa, ya shimfiɗa musu takardar a tabarma, ya ce mutumin da asibiti ya ce ba komai a kansa, da me zai yi shari'a? Suka yi ta dariya har maganar ta mutu.

Da likita ya dawo na faɗa masa gaskiya. Ya harare ni, ya kama linzamin kwamfutar ya ja shi gefe kaɗan, sai ga ƙwaƙwalwa ta fito tsaf, da lanƙwashe-lanƙwashenta. Sau ashirin ya sa na maimaita jan nan, ya kuma ce lallai in gyara ɓarnata.

Na buga sabon hoto na hau mota har Jakusko. Baffa ya sa aka dama mini fura, ya juya takardar sama da ƙasa, ya miƙo mini.

"Wannan ba nawa ba ne," in ji shi. "Koma ka nemi mai shi."