Kibiyar da ke Bayan Baba

Jama'a, yau na ga cikin jikin mahaifina da idona.

Kun san ciwon bayan da ya hana Baba noma. An yi ƙaho, an yi sakiya, shiru. Jiya muka bi motar ɗaukar ma'adinin kuza daga Riruwai zuwa Kano. Da safen nan aka kwantar da shi ƙarƙashin injin ɗaukar hoton ƙashi.

Likita Bature ya ɗaga hoton a hasken taga. Sai ga tsinin kibiya kwance a jikin ƙashin baya!

Tafinta ya ce wa Baba, "Likita na tambaya, wa ya harbe ka?"

Na ce, "Ai daga bishiya ya faɗo."

Baba ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baffanka ne, ƙanena marigayi. Muna farauta a dajin Doguwa, ya zaci barewa ce. Na fizge karan kibiyar, na rantse masa ba mai ji."

Likita ya ce in ba a cire ba, ƙafafunsa za su mutu.

Na durƙusa ina roƙon Baba ya yarda a cire. Baba ya jawo rigarsa, ya ce, "A bar mini ita. Cikin kayansa ita kaɗai ta rage mini."