Mai tuwon tashar Ajingi

A tashar Ajingi akwai wata dattijuwa mai tuwo, siririya, da tabon ƙuna a bayan hannunta. Ba ta ƙulla wa kowa abinci sai ta ji inda zai kai shi.

Wani magidanci ya ce Kano za shi, mahaifiyarsa ke marmarin miyarta.

Ta dubi rana, ta ajiye ludayi. "Ɗan nan, motarku ko cika ba ta yi ba. Miyar tsami za ta yi." Ta ƙulla masa tuwon, da garin kuka da daddawa. "A kaɗa mata sabuwa."

Ina jin ta taɓa jinyar wanda abincin hanya ya kwantar. Motar na tashi, tana binta da murya: "A ɗumama tuwon sosai!"