Wanda Ke Kusurwar Dama

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Asabar na buɗe kwamfutar. Na riƙe lokacin ne domin agogon da ke ƙasan allon shi kaɗai na gane, duk sauran abubuwa sun sauya kama. Yayana ne ya ɗauke ta tun safe ya kai wa wani mai gyara a unguwar Roumdé Adjia, wai ta yi nauyi, sai mutum ya gama alwala ya dawo ba ta gama tashi ba. Mai gyaran ya sauke tsohon tsarin da take aiki da shi ya ɗora sabo. Ya tabbatar wa yayana cewa babu abin da ya ɓata, kuma bai yi ƙarya ba. Darussana na lise, wato sakandare, suna nan, karatun Alƙur'anin da babanmu yake saurare yana nan. Na buɗe dosiyen hotuna, wato jakar da na tara tsofaffin hotunan gidanmu, su ma duk suna nan. Sai dai sun jeru layi-layi kamar ɗalibai a gaban tuta ranar Litinin, kowanne bisa lambar da kyamara ta ba shi. Ba haka na bar su ba.

Hotunan nan daga wani gwangwanin biskit suka fito, wanda ke cikin adakar kakata, mahaifiyar babanmu. A damina muka gano gara ta fara cin gefensu, sai na ari kyamarar yayana na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma, na zuba su a kwamfuta. Babu rubutu a bayan ko ɗaya. Mutanen ciki fatake ne, kakanninmu da suka zo daga arewacin Najeriya da goro da yadi suka zauna a Garoua, sai matansu da 'ya'yansu. Kaka kaɗai ta rage da ta san su ido da ido.

Kaka kuwa ba ta kiran suna. Ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukanta, ba ta faɗin na babanmu domin shi ne ɗanta na fari. In tana son magana da shi, sai ta juya wajen mahaifiyarmu ta ce, "A gaya wa mutanen zaure ruwa zai zo, a kwashe buhunan nan," alhali yana tsaye a gabanta. Mun taso a haka, ba mu taɓa ganin abin da wani baƙo ba.

Saboda haka da muka zauna kan hotunan, ban tambaye ta suna ba. Tsohon tsarin yana barin mutum ya ja hoto da linzamin kwamfuta ya ajiye shi duk inda ya so a cikin dosiye, kuma nan zai zauna. Kaka ta ga haka sai abin ya burge ta. Ta mayar da allon tsohon gidansu na unguwar Djamboutou, wanda aka rushe tun kafin a haife ni. Sama shi ne zaure da turakar maza, ƙasa kuma ɗakunan mata da madafa. Takan ɗora yatsa a kan hoto ta ce, "Wannan ki kai ta can kusa da rijiya, nan ɗakinta yake. Wannan ki sa shi ƙarƙashin wancan, shi ya haife shi. A'a, matsa da ita, ba sa shiri da waccan." Ni kuma ina ja ina ajiyewa. A haka na san wa ya haifi wa, ba tare da an furta sunan kowa ba, kuma na ga ai ya wadatar.

A cikin hotunan akwai guda biyu na samari biyu, wa da ƙani. Rana ɗaya aka ɗauke su a ɗakin hoto ɗaya, labule ɗaya a bayansu, kowanne da farar riga da hula, hannu a kan gwiwa. Ɗaya kakana ne, wanda ya rasu babanmu yana goye. Ɗayan ƙaninsa ne, da ya koma Najeriya fatauci ba a sake jin labarinsa ba. Da muka iso kansu, Kaka ta kawar da kai ta shiga faɗa da akuyar da ke cin shanyar kuɓewa. Tana cikin faɗan yatsanta ya taɓa ɗaya daga cikinsu, ya nuna kusurwar dama ta sama. Kunya ta kama ni ni ma. Na ja hoton na kai can da sauri, idona a kan kibiyar linzami, ɗayan kuma na bar shi a ƙasa. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Bayan nan nakan buɗe dosiyen in na gaji da karatu, in dubi kusurwar dama. Na ɗauka na san fuskar kakana. Ranar Asabar ɗin nan, da na ga hotunan biyu manne da juna a tsakiyar layi, lamba na bin lamba, sai na gane wurin zamansa na sani. Na buɗe wannan na buɗe wancan. Goshi ɗaya, hanci ɗaya, tsufan takarda ya shafe sauran. Kowanne na daɗe ina kallo sai ya zama shi.

Na kama hoto ɗaya na ja shi sama, na saki, ya dawo layi. Na sake, ya sake dawowa. Na bi duk jerin umarnin da ke fitowa in an danna linzami, ina neman inda ake kashe jeri na kai tsaye, domin a tsohon tsarin na san wurinsa sarai. Babu shi. Akwai jeri bisa suna, bisa rana, bisa girma, bisa iri. Na gwada bisa rana ko wani abu zai motsa, amma duk rana ɗaya na ɗauke su.

Abin da ya sa hankalina ya tashi shi ne babanmu. Tun da ya ji Kaka ta nuna hoton, ya ce kafin Sallah in kai a wanke masa babba, a sa a gilashi, ya rataye a ɗakinsa. Kafin nan bai taɓa sanin wanne ne mahaifinsa a cikin biyun ba, kuma ba shi da bakin tambayar mahaifiyarsa. Sau ɗaya na nuna masa a allo, ya tsaya a bayana yana kallo, sannan ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Yayana da na gaya masa dariya ya yi. "Ke da kike sa wa littattafanki riga kina rubuta ranar da kika fara karanta kowanne, ki kasa rubuta kalma ɗaya a ƙarƙashin hoto?"

"Ai yana da wurinsa, Yaya."

"To ga shi an tashe shi. Ki zaɓi wanda ya fi kyau kawai, wa zai sani?"

Na rufe kwamfutar. Amma maganar ta zauna mini, har na kwana biyu ina auna ta. Babu mai kama ni. Sai dai duk sanda na tuna babanmu zai riƙa shiga ɗaki yana ɗaga kai yana yi wa hoton addu'a, sai in ji ba zan iya ba.

Ranar Laraba da aka tashe mu da wuri na ɗauki kwamfutar na tafi Roumdé Adjia da kaina. Ban saba shiga rumfar maza ba. Na tsaya a bakin ƙofa har mutum uku da suka zo bayana suka gama, kafin mai gyaran ya lura da ni. Ya gaishe ni da Fulatanci, na amsa, sannan na yi masa bayani da Faransanci, muryata a ƙasa har sai da ya kashe rediyo.

Ya gwada jan hoton da kansa, ya ga ya dawo layi. "Walaa," in ji shi, wato babu. "Sabon ba ya yin wannan. Amma dubi, ƙanwata, ya fi kyau ai. Ga shi a tsare, ba sai kin wahala ba."

"In an mayar da tsohon fa?"

"Zan iya mayar miki, yau ma. Amma zai zo ne kamar sabon ɗaki, bai san inda kika ajiye kowa ba. Wannan sanin ya tafi da wanda na goge." Ya dube ni sosai. "Wani abu ya ɓata ne? Na ƙirga komai kafin in taɓa."

Na ce masa babu abin da ya ɓata. Na yi godiya na fito.

Daga nan na shiga wani gidan intanet kusa da kasuwa, na zauna a kujerar ƙarshe. Na rubuta matsalata da Faransanci, sai ga mutane da yawa daga ƙasashe daban-daban suna kuka da abu ɗaya. Wani mai zanen gini ne, wata malamar makaranta ce da ta saba jera ayyukan ɗalibanta yadda suke zama a aji. Wasu har zagi suke yi. A ƙarƙashin kowane kuka kuma sai wani ya zo ya tambaya, me ya sa ma mutum zai so haka, ai suna ake sa wa abu. Akwai masu ba da dabarar da za a shiga can cikin tsarin a sauya wasu lambobi. Na kwafe ta a tsanake, har na gama sannan na tuna ko ta yi aiki, damar ja za ta dawo mini da ita, ba za ta gaya mini wanda zan ja ba. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, kowa ya yi tsaki ya miƙe.

Azumi ya raba tsakiya. Wata safiya babanmu yana sa takalmi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mai hoton nan na bakin titi ya ce cunkoso yake yi masa yawa in Sallah ta matso." Na ce to, Baba.

Da la'asar na sami Kaka a inuwar ɗakinta tana gyaran busasshen kifin madatsar ruwan Lagdo, tana ɓare shi tana cire ƙaya. Na shimfiɗa tabarma kusa da ita na buɗe littafin tarihi, kwamfutar a gefe. Na karanta shafi ɗaya ban san abin da ke ciki ba.

"Malama, yau kuma a nan aka buɗe makarantar?" in ji ta.

"Ɗakinmu zafi, Kaka."

"Nan kuma ƙanƙara ke sauka."

Na jawo kwamfutar na buɗe dosiyen na juya mata allon. "Kin ga abin da aka yi mini. An sa mata sabon tsari, ya tashi kowa daga ɗakinsa."

Ta goge hannu a zane, ta matso da fuska. Ta daɗe tana bin layukan. "Wa ya zaunar da wannan kusa da surukinta? Ko kunya babu. Wannan kuma da ke madafa me ya kai ta zaure?"

"Ba mutum ba ne, ita ce take jera su da kanta."

"To ki mayar da su mana."

"Ba ta bari. In na ja sai ta dawo da shi."

"Ashe ta yi hankali ta fi mai ita." Ta koma kan kifinta. "Bar su. Su ma can inda suke a jere suke, ba wanda ya zaɓi maƙwabcinsa."

Sauran duk zan iya sake gano su, na tuna wasu, mahaifiyarmu ta san wasu. Na danna hotunan nan biyu suka buɗe manya, ɗaya a hagu ɗaya a dama, na ajiye kwamfutar a kan kujerar tsuguno a tsakaninmu. Na shirya tambayar tun a makaranta, har na sake mata tsari sau da yawa don ta yi laushi. Da lokacin ya zo na kasa. Ba a taɓa tambayar Kaka wanne ne mijinta ba, kuma ba ni ce zan fara ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba ya ce in kai wa mai hoto kafin Sallah."

Kaka ba ta ɗaga kai ba. Ta ɓare kifi ɗaya, ta ɓare na biyu. Na ji kamar in rufe allon in tashi. Sai na ga ta saci kallo, ta kawar da kai, ta sake kallo. Bakinta ya ɗan motsa. A wurinmu mace ba ta kunyar ƙanin mijinta, abokin wasanta ne, tana iya tsokanarsa a gaban kowa. Ban taɓa kawo wannan a raina ba sai da na ji ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta miƙa yatsa mai maiƙon kifi ta dangwala a kan hoton hagu har ya bar tabo a gilashin.

"Dubi ja'irin nan, ya wani natsu kamar mutumin kirki. Ina amarya, ko tukunya na ɗora sai ya zagayo ta bayan danga ya tsame nama, in na yi magana ya ce kyanwa ce. Wannan kada ki kuskura ki kai shi a sa a gilashi, bai kai ba." Ta ja kwanon kifin gabanta. "Rufe abin nan ki zo ki taya ni, magariba ta kusa."